Ɗanladi da Lissafin Ɗai-ɗai

Jirgin ƙasan da na shiga a babban birnin Romaniya ba shi ne nawa ba, amma ban gane haka ba sai da muka yi nisa. Wanda ya saka ni cikinsa wani dogon mutum ne mai baƙar kwat, wanda ya tare ni a bakin tasha yana Turanci mai kyau. Ya ce jami'a ce ta turo shi ya tarbi ɗaliban Afirka. Ya karɓi akwatina ya ce zai kai taragon kaya, ya zaunar da ni kusa da taga, ya ce in jira shi. Jirgi ya tashi. Ban sake ganinsa ba, ban kuma sake ganin akwatin ba. A ciki akwai babbar rigar sanyin da na sayo a gwanjo a kasuwar Funtuwa, da kilishi, da dakakken yajin da mahaifiyata ta haɗa mini, da duk littattafan lissafina. Abin da ya rage mini shi ne kaftanin da ke jikina da 'yar jakar fasfo da ke rataye a wuyana.

Sunana Sanusi, ni mutumin Dayi ne. Mahaifina manomin auduga ne da dawa. Ina koyar da lissafi a wata sakandare a Malumfashi lokacin da gwamnatin jiharmu, muna cikin Jihar Kaduna a wancan zamanin, ta ba ni gurbin karatun kwamfuta a waje. Shekarar da aka yi zaɓe na biyu na farar hula ke nan. Ban taɓa ganin kwamfuta da idona ba. Da na gaya wa mahaifina cewa inji ne mai yin lissafi, sai ya tambaye ni to ni kuma me zan riƙa yi idan injin ya ƙwace mini sana'a.

Mai duba tikiti ne ya fara girgiza kai a kaina. Ya yi ta magana yana nuna bayan jirgi, ni kuwa ko kalma ɗaya ban ji ba. Wata tsohuwa mai ɗaurin kallabi da ke zaune gabana ta karɓi takardata ta karanta sunan garin da za ni, ta yi masa faɗa, ya tafi. Da jirgi ya tsaya a wata mahaɗa sai ta kama hannun rigata ta fito da ni. Muka tsallake layin dogo, muka zauna kan benci cikin iska har wani jirgin ya zo. Ta ga ina rawar ɗari, ta ciro mayafin ulu daga jakarta ta naɗa mini a wuya kamar yadda ake yi wa yaro, ta danƙa mini dafaffen ƙwai da gutsuren burodi. Sai da na zauna a sabon jirgin na leƙo ta taga na gan ta tsaye ita kaɗai, sannan na gane cewa nan ba tasharta ba ce. Saboda ni ta sauka.

Garin da jami'ar take yana can arewa, kusa da duwatsu. Na isa gidan kwanan ɗalibai da la'asar, mai gadi ya hana ni wucewa don wanda zai ba ni ɗaki ya tashi. Na zauna a kan matakalar bene, ƙafafuna sun mutu cikin takalmin fata, na ce a fili, "Ya Allah, wannan wace irin ƙasa ce?"

Daga sama wata murya ta amsa da Hausa tsantsa. "Ƙasar sanyi ce, Malam. Daga ina?"

Na ɗaga kai na ga wani baƙin mutum mai tabarau, riƙe da tukunya. Na ce daga Dayi. Ya yi dariya ya ce ya sha raka mahaifiyarsa cin kasuwa can. Sunansa Okechukwu, Ibo ne, Kirista, amma a Funtuwa aka haife shi, kuma maƙwabta Ɗanladi suke kiransa don ran Lahadi ya zo duniya. Sun gudu kudu yana yaro lokacin tashin hankalin da ya gabaci yaƙin basasa, bayan yaƙi suka dawo, mahaifiyarsa ta sake buɗe shagon kwanuka kusa da tashar mota. Yana karatun injiniyan lantarki, ya riga ni zuwa da shekara uku. Ranar a ɗakinsa na kwana, ya ba ni tsohuwar kwat ɗinsa da wake da shinkafa mai zafi. Ina ci ina ɓoye hawaye, shi kuma ya yi kamar bai gani ba, yana ta tambayata ko har yanzu motocin auduga suna tare hanya a bakin gidan gurza.

Shekarar farko ta tafi a koyon harshen ƙasar. Na koyi bin layi: layin burodi, layin madara, layin da ba ka san abin da ake sayarwa ba sai ka kai gaba. Naman da ake samu kusan duk na alade ne, don haka na rayu a kan kabeji da wake da ƙwai. Da hunturu ya yi tsanani aka riƙa ɗauke wuta, bututun ɗumama ɗaki ya yi sanyi kamar dutse, mukan kwana da kwat da hula. Yara suna bin mu a titi, wasu su taɓa hannunmu su duba yatsunsu. Azumi ya zo da bazara, rana ta ƙi faɗuwa, na riƙa tuna yadda a gida ake jin kiran salla ana riƙe da kwanon kunu. Ɗanladi ya gargaɗe ni tun farko cewa a kowane bene akwai mai kai rahoto, kada in yi zancen gwamnati ko da wasa, ko tamu ko tasu.

A wannan shekarar na san Alhaji Bala. Bai taɓa zuwa Makka ba, sunan ne kawai ya bi shi. Mutuminmu ne daga arewa, ya daɗe yana karatun likita ba ya gamawa, kuma ɗakinsa ya fi kama da kanti. Ɗaliban waje suna iya sayen abubuwan da 'yan ƙasa ba sa samu, irin su gahawa da tabar sigari ta ƙasashen Yamma da wandon jins, kuma da waɗannan ake buɗe kowace ƙofa a garin. Doka ta hana sayarwa, amma kusan kowa yana taɓawa. Ɗanladi ma, da yake ba gwamnati ke ɗaukar nauyinsa ba, yakan dawo daga hutu da wanduna kaɗan ya sayar ya sami na abinci. Bambancin shi ne Alhaji Bala yana shan shayi da 'yan sanda.

Da na shiga ajin farko na jami'a na ɗauka washegari za a zaunar da ni gaban injin. Ɗakin kwamfuta yana ƙasan ginin sashenmu, ƙofarsa da ɗan gilashi. Nakan tsaya in leƙa in ga manyan akwatunan ƙarfe da faifai suna juyawa da mutane cikin farar riga. Amma ba a ba kowa izinin shiga sai ya ci darasi ɗaya, wanda shi ne harsashin karatun duka. Ni da Ɗanladi muka sa masa suna lissafin ɗai-ɗai, domin ba ruwansa da abin da ake aunawa kamar ruwa ko tsawon igiya. Abin da ake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya yake dubawa: rukunin abubuwa, hanyoyi nawa za a iya jera su, ɗigo da layukan da suka haɗa su, da manɗiƙi, wato yadda magana ke zama gaskiya ko ƙarya. Aka ce mana injin ba ya gane komai sai i ko a'a, saboda haka wanda bai iya tunani daki-daki ba, ba shi da abin da zai gaya masa.

Malama Rodika ce ke koyar da shi. Gajeriyar mace ce mai furfura, tana rubutu a allo sanye da kwat da safar hannu da ta yanke wa kan yatsu. Ba ta ɗaga murya, ba ta murmushi. Jarrabawarta ta baki ce: ka zari 'yar takarda daga kan tebur, ka tsaya gaban allo ka yi bayani. Dama biyu ake bayarwa. Wanda ya faɗi sau biyu ya bar sashen, mu kuma a lokacin sojoji sun karɓi mulki a gida, ana ta raɗe-raɗin cewa duk ɗalibin da ya faɗi za a yanke masa tallafi a dawo da shi.

Ban ji tsoro ba da farko. Ni da na koyar da lissafi, ɗalibai suna miƙewa in na shigo aji? A jarrabawar hunturu na zari tambaya mai sauƙi a ganina: in tabbatar da wata ƙa'ida ta tara lambobi daga ɗaya zuwa kowace lamba. Na gwada da ɗaya ta yi, da biyu ta yi, na ci gaba har goma, na cika allo da rubutu mai kyau, na juyo ina jiran yabo.

"Sha ɗaya fa?" in ji ta.

Na gwada, ta yi.

"Dubu fa? Da lambar da ba wanda ya taɓa rubutawa?"

Na ce ai tunda ta yi a waɗannan, za ta yi a sauran. Ta ce abin da na nuna mata shi ne na iya tarawa, kuma injin da ke ƙasa ya fi ni iya wannan. Ita hujja take so. Ta rubuta sakamako a littafina ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba. Na faɗi.

Na yi kwanaki ba na iya cin abinci. Abin da ke ta zuwa mini a rai shi ne ranar da zan sauka daga mota a Dayi hannu wofi, mutanen da suka rako ni da addu'a suna tambaya ko har an gama. Ɗanladi ya bar ni na yi baƙin cikina, sannan wata ranar Asabar ya zo da tsofaffin takardunsa ya zube su a gadona. Shi ma ya bi ta hannun Malama Rodika. Ya tambaye ni ko na taɓa ganin yadda ake miƙa tubali a wurin gini. Na ce sau nawa. Ya ce to idan na san na farko a layi ya karɓi tubali, na kuma san duk wanda ya karɓa zai miƙa wa na gaba da shi, sai na bi layin ina dubawa kafin in yarda zai kai ƙarshe? Na ce a'a. Ya ce ko da layin ya kai Kano? Na ce ko ya wuce. Ya ce wannan ce hujjar da ta nema, ni kuma na tsaya ina ƙirga magina.

Daga nan muka ɗora. Yana shekararsa ta ƙarshe, da nasa aikin a gabansa, amma kullum bayan la'asar sai ya zo. Ya hana ni cewa "ai a bayyane yake". Duk layin da na rubuta sai ya tambaye ni wa ya ce. Wani lokaci har raina ya ɓaci in jefar da alƙalami, shi kuma ya ɗauko ya miƙo mini.

Ana saura 'yan makonni jarrabawa ta biyu Alhaji Bala ya shigo ɗakina, Ɗanladi na zaune a gefen gado. Ya gaishe mu da fara'a, ya ce ya ji abin da ya same ni, bai kamata ɗan'uwa ya wahala yana nan ba. Ya ce kwalin taba biyu da gahawa sun isa, shi zai san yadda za su kai inda ya dace, ni dai in je in tsaya gaban allo kawai. Ba zan ce zuciyata ba ta motsa ba. Na dubi Ɗanladi, ya sunkuyar da kai yana goge tabarau. Na ce wa Alhaji na gode, amma zan gwada da kaina. Ya ce ba laifi, ya dafa kafaɗata ya fita.

Bayan mako guda aka aiko in zo ofishin shugaban tsangaya.

Mutum biyar na tarar a bayan dogon tebur: shugaban tsangaya, malamai biyu, Malama Rodika, da wani mai toka-tokar kwat wanda ba a faɗi sunansa ba, kowa kuma ya san daga inda yake. A kan teburin akwai ƙunshin taba da gahawa. Aka ce mai gadin sashe ne ya kai wa Malama har gida, ya ce saƙo ne daga ɗalibai uku, ya ambaci sunayensu. Ita kuwa ta kwaso kayan ta kawo ofis. Biyun an riga an kira su, sun amsa, an kore su. Sunana ne na uku.

Daga baya na fahimci dabarar Alhaji Bala. Yakan haɗa da sunan wanda ya ƙi, idan mutum ya ci da ƙoƙarinsa sai ya zo ya ce aikinsa ne, a biya shi. Amma a ranar ban san komai ba. Harshen da na kwashe shekara ina koyo ya gudu ya bar ni. Da ƙyar na haɗa kalmomi na ce ban ba kowa komai ba, na faɗi abin da ya faru a ɗakina, na ambaci sunan Alhaji Bala. Mai toka-tokar kwat ya ce sun riga sun yi magana da wannan ɗalibin, mutum ne da suka sani da ladabi, kuma ya gaya musu ni ne na je ina roƙonsa ya ƙi. Ya tambaye ni ko ina da shaida. Ban ambaci Ɗanladi ba. Aka ce in dawo jibi a gaya mini hukunci, in kuma fara haɗa kayana.

Na tarar da Ɗanladi a madafar bene yana yanka albasa. Na gaya masa komai, na kuma ce ban ambaci sunansa ba, kada ya sa baki. Saura masa 'yan watanni ya gama. Mu biyun mun san wandunan sayarwa da ke ƙarƙashin gadonsa, mun kuma san Alhaji Bala ya sani.

Ya ci gaba da yankan albasa har ya gama, sannan ya ce, "Malam Sanusi, ina zaune a wurin. Da kunnena na ji ka ce a'a."

Na ce na sani, amma mahaifiyarsa ta sayar da rabin shagonta don karatun nan.

Ya ce, "Lokacin da muka gudu daga Funtuwa, wani mahauci maƙwabcinmu ne ya ɓoye mu a rumbunsa. Shi ma yana da 'ya'ya." Ya zuba albasar a mai. Na yi ta roƙonsa har abinci ya nuna. Ya zuba mini nawa ya ce in ci in je in yi bita.

Ranar da aka sa, na iso na same shi a bakin ofishin sanye da taye. Ya shiga tare da ni. Ya yi magana da harshensu a natse, ya faɗi ranar da abin da kowa ya ce. Mai toka-tokar kwat ya rubuta sunansa da lambar ɗakinsa a hankali, ya sa ya maimaita lambar. Sannan ya ce abokai sukan rufa wa juna asiri, wannan ba shaida ba ce.

A nan Malama Rodika ta yi magana, karo na farko tun da aka fara zaman. Ta ce ita ba ta san wanda ya yi gaskiya ba, kuma ba aikinta ba ne. Amma akwai abin da za ta iya bincikawa. Wanda ya san darasi ba ya bukatar saye. A kawo alli a jarraba ni yanzu, a gaban kowa, da tambayar da ba ta cikin takardun jarrabawa. Mai kwat ya ce ba haka tsari yake ba. Shugaban tsangaya ya dubi wannan ya dubi wancan, ya share goshi, ya ce a yi. Aka fitar da Ɗanladi.

Akwai ƙaramin allo a bangon ofishin. Ta ce, "A kowane taro na mutane, wasu sun san juna, wasu ba su sani ba. Ka tabbatar mana cewa dole a sami mutum biyu da yawan waɗanda suka sani a cikin taron ya zo daidai."

Na ɗauki alli. Na zana ɗigo shida, mu da ke ɗakin ke nan, na fara ja musu layi, wa ya san wa. Ta ce ba wannan ɗakin take tambaya ba, kowane ɗaki. Na goge. Mai kwat ya fara tattara takardunsa.

Na ce wa kaina in bi a hankali, kada in rubuta abin da ba zan iya karewa ba. Na ce a ɗauka mutum shida ne don misali, amma maganar za ta hau kowane adadi. Kowa a cikinsu yana iya sanin mutum ɗaya, ko biyu, har zuwa biyar, ko kuma bai san kowa ba. Na ƙirga na ga amsoshi shida ke nan, mutane kuma shida. Idan kuwa haka ne, kowa yana iya ɗaukar amsarsa daban, ba dole biyu su haɗu ba. Na tsaya ina kallon allon. Ina jin ƙarar motar lantarki tana wucewa a titi.

Na dubi farkon jerin, wanda bai san kowa ba. Na dubi ƙarshensa, wanda ya san kowa. Sai na ga abin. Idan akwai wanda ya san kowa a ɗakin, to ba a iya samun wanda bai san kowa ba, don aƙalla ya san wancan. Su biyun ba sa zama a taro ɗaya. Amsoshin da za su yiwu sun koma biyar, mutane kuwa shida. Dole biyu su faɗa kan amsa ɗaya. Na sake rubuta shi da harafi a madadin shida, layi bayan layi, ina faɗin dalilin kowane, da gurɓataccen harshena.

Malama Rodika ta taso ta karanta daga sama har ƙasa. Ta nuna wani layi ta tambaye ni me zai faru idan mutum ɗaya ne kawai a taron. Na ce to babu biyun da za a kwatanta, ya kamata in faɗa tun farko cewa taron ya kai mutum biyu. Ta ce ya kamata. Ta ƙara mini tambayoyi kan manɗiƙi da jere, na amsa wasu da kyau, na yi tuntuɓe a ɗaya. Ta koma ta zauna ta ce wa shugaban tsangaya, "Bakwai cikin goma. Wannan bai sayi komai ba."

Na fito na sami Ɗanladi a tsakar gini yana zagaye. Da ya ga fuskata bai tambaye ni ba. Muka tafi gida a ƙafa cikin narkakkiyar ƙanƙara, yana sa ni in maimaita masa hujjar, yana cewa wa ya ce.

Ba a yi wata guda ba aka zo bincike benenmu. Ɗakinsa kawai aka shiga. Aka fito da wanduna da 'yan dalolin da yake ajiyewa, aka ba shi kwanaki kaɗan ya bar ƙasar. Na je wurin shugaban tsangaya, aka ce ba ya nan. Na je wurin Malama Rodika. Ta saurare ni har na gama, ta ce ta riga ta yi magana inda za ta iya, ba a ji ba. Ta ba ni wata takarda da ta rubuta da hannunta tana shaidar ƙwazonsa, ko za ta yi masa amfani a wata jami'ar. Alhaji Bala kuwa ya ci gaba da gaishe ni a matakala kamar ba abin da ya faru, har na gama karatuna na bar shi can.

Ɗanladi bai ƙarasa digirin ba. Bayan shekaru, da na dawo gida, na neme shi a Funtuwa aka ce sun koma kudu bayan rasuwar mahaifiyarsa, yana gyaran rediyo da talabijin a Aba. Na aika saƙo ta hannun direbobi fiye da sau ɗaya. Amsa ɗaya ta zo, cewa yana lafiya, yana da 'ya'ya, in gaida mutanen Dayi.

Ranar tafiyarsa ta zo daidai da ranar da aka sa mini in fara shiga ɗakin kwamfuta. Na ce ba zan je ba, zan raka shi. Na ɗauki jakarsa muka sauko har bakin titi inda motar haya ke jira. Ya karɓe jakar daga hannuna ya jefa a baya, ya ce idan na shiga motar nan ba zai yafe mini ba.

"Ka je ka ga abin da muka sha wahala a kansa," in ji shi. "In ka ga ba wani abu ba ne, kada ka gaya mini."

Muka yi musafaha. Motar ta tashi, na tsaya har ta sha kwana, sannan na juya na nufi sashe.

Wata mata mai farar riga ta duba izinina ta buɗe mini ƙofa. Ɗakin yana da ɗumi, yana ƙugi, yana warin ƙarfe da takarda. Ba a bar ni na taɓa injin ba. Aka zaunar da ni a gefe gaban wata na'ura mai kamar tafireta, wadda ke huda kati, aka ce in buga umarnina, kowane layi kati ɗaya, in miƙa ta taga, gobe in zo in karɓi amsa. Na buga ɗan shirin da na rubuta na tara lambobi, idona yana cika ina gogewa da hannun kwat.

Washegari na karɓi doguwar takarda mai layi ɗaya a samanta. Injin bai tara komai ba. Ya ce akwai kuskure a kati na huɗu, na bar waƙafi. Na juya don in nuna wa wani, babu wanda na sani a ɗakin. Na ja kujera na zauna, na ɗauki sabon kati.